Kantoma da Ƙurungun Gwaggo

Farkon aurenmu a Unguwar Shanu muka zauna, a wani gidan haya mai ɗaki biyu da falo, a tsakiyar shekarun saba'in, lokacin soja na mulki. Ni ina koyarwa a firamare, maigidana kuma yana zanen taswirar gine-gine a ma'aikatar ayyuka. Ina ce masa Malam, yana ce min Malama, har maƙwabta suka riƙa kiran gidanmu makaranta. Mutum ne mai son tsari ƙwarai. Fensiransa a jere suke daga dogo zuwa gajere, in kuwa na share falo na mayar da kujera ba daidai inda take ba, in ya shigo sai ya ɗan tura ta da gwiwa ya wuce.

Wata la'asar ina tankaɗe a tsakar gida na ji mota ta tsaya a ƙofa. Sai ga Malam ya shigo da baya da baya yana cewa a hankali, a hankali, wasu leburori kuma na biye da shi sun ciccibo wani akwatin gilashi da ya kusa tsawon benci. Na ƙarshensu na riƙe da bokiti an rufe bakinsa da tsumma.

Na ce, "Malam, mene ne wannan?"

Ya ce, "Kifi ne, Malama."

"Na miya?"

"Na kallo."

Ashe wani injiniya Ba'indiye ne a ma'aikatarsu ya gama aikinsa zai koma gida. Duk sanda Malam ya kai masa zane gida, sai ya tsaya gaban akwatin nan ya manta abin da ya kawo shi, shi ya sa mutumin ya ga babu wanda ya dace ya bar wa kayan sai shi. Kifayen huɗu ne. Namiji ɗaya, shuɗi kamar an tsamo shi daga karofi, da ratsin baƙi a jikinsa, sai mata uku masu ruwan toka. Babu wanda ya wuce tsawon yatsa a cikinsu sai namijin, shi ma da kaɗan. Ba'indiyen ya ce asalinsu 'yan wani babban tafki ne a gabashin Afirka, inda ya yi aiki kafin ya zo nan, kuma dangin karfasa ne. Ya haɗa masa da ɗan injin da ke hura iska cikin ruwan, da gwangwanin abincinsu, da gargaɗi guda: kada ya kuskura ya haɗa su da wani kifi, domin masifaffu ne.

Aka girke akwatin a falo kusa da rediyo. Malam ya wanke yashi ya shimfiɗa a ƙasa, ya ɗauko duwatsu ya jera su yadda ya zana a takarda, ya dasa wasu ciyayin ruwa a layi kamar bishiyoyin bakin titin bariki. Ya ja da baya ya duba, ya koma ya gyara wani dutse, sannan ya juye kifayen.

Washegari da safe muka tarar an tuge ciyayin nan duk suna yawo a saman ruwa. An haƙa rami a gindin babban dutsen, yashin kuma an tara shi a jikin gilashi kamar kunya a gona. Muna tsaye sai ga namijin ya fito daga ramin da bakinsa cike da yashi, ya zo daidai fuskar Malam ya furzar, ya koma ɗebo wani. Malam ya naɗe hannun riga ya mayar da komai yadda yake a takarda. Kafin ya dawo daga ofis an sake rushewa. Haka suka yi ta yi, shi ya gina, kifi ya rushe, har dai Malam ya ninke takardar ya ajiye, ya ce wataƙila akwai abin da kifin ya gani game da wurin wanda shi bai gani ba.

Akwai wani abokin aikinsa Basakkwace, safiyo mai awon ƙasa, da kan zo mana ranar Lahadi su yi dara. Ran da ya fara ganin kifin yana korar matan nan daga wannan kusurwa zuwa waccan, ba wanda ya isa ya kusanci dutsensa, sai ya ajiye 'ya'yan darar ya ce, "Wanga ai ba kihi na ba, kantoma na." A shekarun nan kantomomi aka naɗa wa garuruwa, mutum ɗaya, ba majalisa ba shawara. Sunan ya bi shi tun daga ranar.

Injin iskan nan da lantarki yake aiki, lantarkin Unguwar Shanu kuwa ba ya sallama in zai tafi. In an ɗauke wuta, sai Malam ya ɗauko famfon keke ya ɗaura masa siririn tiyo, ya zauna a kan kujera 'yar tsugune yana bugawa kamar mai zuga a maƙera. In ya gaji ya miƙo min. Na sha duba littattafan yara da hannu ɗaya, ɗayan yana ba Kantoma numfashi, shi kuwa ko kallona ba ya yi.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. To amma Malam ya fara cewa akwatin ya yi musu girma. Na tuna masa gargaɗin Ba'indiye, ya ce ai mutumin shi kaɗai yake zaune a ƙaton gida ba ya shiga mutane, shi ya sa yake ganin kowa haka yake. "Malama, ko kifi yana son maƙwabci. Kaɗaici ne ke sa shi wannan faɗan."

Maƙwabtan farko daga wurin matar wani Kwara, cikin Larabawan nan masu kanti, aka samo su. Jajayen kifaye ne guda biyu masu ƙiba, da dogayen wutsiyoyi suna jansu a ruwa kamar mayafin amare. Suka shiga suna yanga. Kantoma ya leƙo daga raminsa ya dube su, launinsa ya ƙara turuwa. Kafin in sauke tukunya, mayafan nan sun zama tsumma, su kuma sun maƙale a saman ruwa bayan tiyon iska suna haki.

Malam ya shigo kicin yana sosa ƙeya. "Malama, ara min kwano ɗaya mai ɗan faɗi. Na kwana biyu ne, kafin su warke."

Duk abin da ke kicin ina amfani da shi. Abin da ya rage shi ne jerena. Jeren nan kuwa ba a maganarsa sai an ambaci Gwaggo. Yayar mahaifina ce, a Hayin Banki take, tana sayar da atamfa a cikin gida, kuma ita ta haɗa min kayan ɗaki tun ina makarantar horon malamai. Samira da langa da kwalla da fanteka, kowanne da murfinsa, kowanne ta san ranar da ta saye shi da wanda ta yi wa gardama a kansa. Ita da hannunta ta jera su a kabad mai gilashi ranar da aka kawo ni, ta kuma gaya min a gaban mutane cewa waɗannan ba na tuwo ba ne, na mutunci ne. Na daɗe tsaye gaban kabad ɗin kafin na ciro samira ɗaya daga can baya na ba shi.

Malam ya yi nazari ya ce kuskuren shi ne jajayen nan ba su da sauri, ga wutsiya na jan hankali. Abin da ake bukata ƙananan kifaye masu zafin nama. Wata Lahadi muka hau babur muka tafi Rigachikun, inda wani ya gaya masa akwai rafi mai irin waɗannan. Ya naɗe wando ya shiga ruwa da rariyata, manoma na wucewa suna yi masa sannu da aiki suna waiwaye. Ya kamo wasu 'yan firit masu ƙyalli kamar azurfa. A dawowa ni na riƙe gwangwanin a baya, duk ramin da muka faɗa sai ruwa ya fallatso min, na iso gida zanena sharkaf ina ƙarnin rafi.

Waɗannan kam suna da sauri. Suka yi ta zuwa da komowa a gungu, falo ya yi kyau, Malam ya kira maƙwabta suka gani. Sai dai kullum gari ya waye gungun ya ɗan rage. Malam ya duba ƙasa ko tsalle suke yi, ya duba bayan rediyo. Ni dai na lura Kantoma ya daina damuwa da abincin gwangwani, cikinsa kuma ya yi tumbi irin na ɗan kwangila. Da suka rage saura uku Malam ya yarda cinye su ake yi, ya kwashe su, ya zo ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki. Bai ma yi magana ba na ciro masa langa.

Basakkwacen ya ce laifin Malam ne. "Ƙanana kaka kawo mai, shi kau ya aza abinci na. Samo mai tsaranai." Mako na zagayowa sai ga shi da karfasa mai rai a cikin bokiti, daga wurin masunta a bakin kogi, ta ninka Kantoma a girma. Ya ce ai 'yan'uwa ne, in sun ga juna za su gane.

Sun gane juna kuwa. Suka buɗe baki suka kama na juna, wannan ya tura wancan ya tura, yashi ya tashi ruwa ya gurɓace har ba a ganin komai sai walƙiyar jiki. Maza biyu sun manta da dara sun durƙusa gaban gilashi. Da rana muna cin abinci sai muka ji fanjam, karfasa ta yi tsalle ta fito ta faɗa kan wani zanen asibiti da Malam ya shanya a tebur, ta yi ta birgima a kan ɗakin haihuwa. Na ce tunda ta kawo kanta, ga mai ga albasa. Malam ya ce haba Malama, mu muka gayyato ta. Kwalla ce kaɗai za ta ɗauke ta, kwalla kuwa aka ba ta.

A rikicin nan ɗaya daga matan Kantoma ta samu rauni a gefe, ita ma aka ba ta fanteka. Jajayen nan kuma suka fara cizon juna, aka raba su. Ɗakinmu na biyu ya koma asibiti, kwanoni a jere a ƙasa bisa tsari, Malam yana zagaya su safe da yamma da cokali. Kabad kuwa ya yi giɓi kamar bakin tsoho. Dabarar da na yi ita ce na tara gwangwanayen madara na jera a ciki, na kifa wa kowanne murfin kwanon da aka ɗauka. Daga nesa in ba ka matsa ba sai ka ce jere ne cikakke.

Ana haka na fara rashin jin daɗin jiki irin na masu ƙaramin ciki, ba na iya cin komai. Labari ya kai Hayin Banki. Wata safiya ina gida ban je makaranta ba, sai ga sallamar Gwaggo, da ƙwarya a hannu an rufe da faifai. Ta ce kifi ne, ƙurungu, ta tsaya ta saya ɗanye, za ta yi min farfesu da kanta, shi ne zai buɗe min baki.

Ta ajiye ƙwaryar a tsakar gida, ta shigo falo ta zauna. Ta dubi akwatin gilashi ta ce ta ji labari, ta kawar da kai. Daga nan idonta ya sauka kan kabad. Gwaggo ba ta taɓa shiga ɗakina ta fita ba ta goge wani abu a kabad ɗin nan ba. Ta tashi ta buɗe, ta sa gefen mayafi za ta goge murfin samira, murfi ya zame, gwangwanin madara ya gangaro ya faɗo a ƙafarta. Ta ɗaga na kusa da shi. Ta ɗaga na gaba. Ta juyo a hankali.

"Ke. Sayarwa ya yi?"

"A'a, Gwaggo."

"Jingina?"

"Wallahi a'a. Suna nan cikin gidan nan."

"To mu je in gaishe su."

Na kai ta ɗaki na biyu na ɗaga labule. Ta tsaya tana bin su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Karfasa ta kaɗa wutsiya a cikin kwalla ta watso mata ruwa a ƙafa. Gwaggo ta yi salati ta sanar da Ubangiji, ta ce ta ga wadda mijinta ya sayar da kayan ɗakinta ya yi jari, ta ga wadda gobara ta cinye nata, amma yau ta ga wadda aka ba kifi hayar nata. Ta nuna samirar da jan kifi ke ciki ta ce wannan har Kano ta aika aka sayo. Ni dai kaina a ƙasa, dariya na cina, tsoro na cina.

Ta fita tsakar gida tana faɗa tana gyaran kifi. Da ta zo ƙasan ƙwaryar sai ta tarar da wani ɗan ƙaramin ƙurungu a cikin ragowar ruwan, da ransa, baƙi-baƙi mai ɗigo-ɗigo da gashin baki. Ta ɗago shi sai ya yi wani ƙara, ƙurr ƙurr, kamar ana jan ƙofar da ba mai. Ta ce wannan ko ɗanɗano bai kai ba, masu kifi sun cika mata ƙwarya da shi ne kawai. Ni kuma saboda sabo, ban san sanda na miƙe na nufi kabad ba.

"Ina za ki?"

"Kwano zan ɗauko masa, Gwaggo."

"In kifi ya ƙara shiga kwanon da na saya, ni da ke ne." Ta ɗauki ƙwaryar ta wuce ni fuu, ta shiga falo ta juye shi cikin akwatin gilashi. "Ga gidan kifi nan. Ya je can su ƙarata."

Daidai nan aka ji ƙarar babur. Malam ya shigo da sallama, ya ga takalmin Gwaggo, ya cire hula ya gyara ya mayar, ya durƙusa tun daga bakin ƙofa yana gaishe ta, idonsa a ƙasa kamar yadda ya saba. Tsakaninsu akwai kunya sosai. Tun da aka yi auren ba su taɓa haɗa jimla uku ba bayan gaisuwa. Yana cikin tambayar mutanen Hayin Banki ya ɗan ɗago, ya hango baƙon abu mai gashin baki yana shawagi a gaban ramin Kantoma. Ya katse gaisuwar.

Ya juyo gare ni, murya ƙasa-ƙasa. "Malama, ko za ki gaya wa Gwaggo cewa shuɗin nan ba ya barin baƙo?"

Gwaggo na zaune tazarar tabarma ɗaya daga gare shi. Ta ce, "Gaya wa mijinki wanda na saka ba baƙo ba ne, ɗan kogin garin nan ne. Shuɗin ne baƙo."

"Malama, gaya wa Gwaggo kashe shi zai yi."

"Gaya masa in ya kashe shi ya rage min aiki. Ki kuma tambaye shi ranar da 'yan hayarsa za su tashi."

Ban kai ga isar da wannan ba Kantoma ya fito. Ya buɗe fuka-fukansa, ya yi baƙi-baƙi don fushi, ya zagaya ƙurungun nan sau ɗaya, sannan ya taho da gudu. Ƙurungu bai gudu ba. Sai kawai ya miƙe ƙayar bayansa da na gefensa biyu, ya tsaya cak. Kantoma ya kai cizo ya ja da baya da sauri yana girgiza kai. Ya sake zagayowa ta baya, ya sake samun ƙaya. A karo na gaba ya zo kusa, ya tsaya, ya yi kamar wani abu ne ya kawo shi wajen, ya ɗebi yashi ya furzar ya koma.

Malam ya manta da kunya ya matso gaban gilashi a kan gwiwoyinsa. Gwaggo ma ta ɗan jawo tabarma. Sai ga ƙurungu ya lallaɓa ya shiga ƙarƙashin wani dutse mai rufi, ya juya cikinsa sama, ya tsaya shiru.

Malam ya ce, "Inna lillahi. Ya mutu."

Gwaggo ta ce, "To miƙo min ludayi in kwashe abina."

Aka kawo ludayi. Tana taɓa shi ya wuntsila ya fice, ya zagaya akwatin a rigingine, cikinsa sama bayansa ƙasa, yana tafiyarsa lafiya lau, ya dawo ƙarƙashin dutsen ya sake kwanciya. Gwaggo ta fashe da dariya har da riƙe ciki, ta ce duk cin ƙurungun da ta yi a duniya ba ta taɓa sanin haka yake tafiya a gidansu ba. Malam ma ya yi dariya, sai ya tuna gaban wa yake, ya mayar da ita tari.

Ƙurungu ya zauna. Da rana yana maƙale a ƙarƙashin dutsensa, in an zuba abinci ya bari masu gida su gama sannan ya fito ya share abin da ya faɗi ƙasa. Ba ya neman ramin kowa, ba kuma wanda ya isa ya tashe shi daga nasa. Kantoma ya ɗauki matakin yin kamar bai san da shi ba. In sun yi kiciɓis sai ya dubi wani gefe.

'Yan haya kuwa sun tashi a makon nan, domin Gwaggo ta ce za ta dawo ta gani. Jajayen aka mayar wa matar Kwara, wutsiyoyinsu sun fara tsirowa. 'Yan Rigachikun da karfasa Malam ya kai su kogi da kansa, matar Kantoma kuma ta warke ta koma akwati. Gwaggo ta zo da toka da lemun tsami ta dirje kwanonin nan, ta shanya, ta shinshina, ta sake dirjewa, sannan ta mayar da jere.

Bayan nan sai zuwanta ya yawaita. Wai duba ni take zuwa yi. Amma tana gama tambayata jiki sai ta shimfiɗa tabarma gaban gilashi, ta kwance bakin zane ta fito da ɗan ƙullin gara ko tsutsar da ta sa aka tono mata, ta ce a ba nata. In Kantoma ya riga shi cafkewa ta yi ta yi masa faɗa, tana ce masa azzalumi mai rigar aro. A gaban gilashin nan ne ita da Malam suka fara magana kai tsaye ba tare da ni a tsakiya ba. Ba sa duban juna, kowa kifi yake kallo, amma sai su yi doguwar hira a kan ko nata ya yi ƙiba, ko ruwan ya isa canji, daga nan har a gangaro kan tsadar atamfa da halin shugabansa a ofis.

Cikina ya tsufa sosai lokacin da ɗaya daga matan Kantoma ta daina cin abinci. Ta koma kusurwa ta tsuke baki, maƙogwaronta ya kumbura. In abinci ya zo gabanta sai ta kauce. Kwana da kwanaki haka, ta rame, Kantoma kuma ya sa ta gaba. Malam ya damu ƙwarai, ya ce ciwon wuya ne, ya kamata a ware ta kafin ta shafa wa saura. Ya faɗi haka a gaban Gwaggo, sannan ya tuna inda maganar ta nufa, wato kabad. Ya ce bari ya je ya ari bokiti a maƙwabta.

Gwaggo ta ce, "Bokitin wanki? Mai sabulu? Marar lafiya?" Ta tashi da kanta ta buɗe kabad, ta ciro samirar nan ta Kano, ta ɗauraye ta miƙa masa. "In ta warke a wanke min da toka."

Aka sa ta a samira aka ajiye a gefen falo. Ba a jima ba Gwaggo ta leƙa ta ƙwala min kira. Kifin ta buɗe baki, wasu 'yan mitsi-mitsi kamar ƙwayar shinkafa mai ido suna fitowa, suna fitowa, har suka cika gindin samirar. Ashe ba ciwo ba ne, ƙwai ta ɗauka a baki tun farko take renonsu, shi ya hana ta ci. Gwaggo ta sunkuya don ta gani da kyau, inuwarta ta faɗa kan ruwan, sai uwar ta buɗe baki, 'ya'yan nan suka ruga suka shige gaba ɗaya, ta rufe.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Ta cinye su! Wayyo, ta cinye 'ya'yanta a gabana!" Ta ɗaga hannu kamar za ta kai mata mari. Malam ya ce a ɗan ja da baya a gani. Muka koma bakin ƙofa muka yi tsit. Can sai ta sake buɗe baki ta furzo su, ba wanda ya yi ko ƙwarzane. Gwaggo ta zauna daɓas a tabarma. Da ta samu numfashi ta dube ni ta ce, "Kin gani ko? Mako nawa ba ta sa komai a ciki ba saboda su. Ke kuma ana ba ki farfesu kina yamutsa fuska."

Na haihu ba da daɗewa ba, mace. Matan da suka zo barka rabinsu a gaban samira suka ƙare. Da 'ya'yan kifin suka tasa Malam ya rarraba wa abokan aiki a kwalabe, kowa ya karɓa sai ya ja shi gefe ya yi masa gargaɗi da fuska a murtuke, kada ya kuskura ya haɗa su da wani kifi in ba ƙurungu ba. Ya bar kaɗan ya mayar akwati. A cikinsu akwai wani ɗan fari-fari, siriri, wanda kullum yake ɓoye a bayan tiyon iska, kowa ya wuce sai ya tsokane shi. Malam ya ɗauka mace ce da farko. Tausayinsa yake ji ƙwarai, yana kiransa Bawan Allah, yana ba shi abinci a keɓe da bakin tsinke don kada a ƙwace.

'Yarmu ta fara tafiya lokacin da Kantoma ya tsufa. Launinsa ya kwanta, ya daina haƙa, wata safiya muka same shi a bakin raminsa ba rai. Malam ya naɗe shi a takarda ya binne a gindin gwaibar da ke bayan gidanmu. Basakkwacen ya zo har gida ya yi masa gaisuwa, ba dariya a fuskarsa. Malam ya ce Allah ya sani ya so shi, amma yanzu akwatin zai huta, Bawan Allah ma zai samu ya sha iska.

Iska kuwa ya sha. Ranar farko ya fito daga bayan tiyo. Ta biyu ratsin baƙi ya bayyana a jikinsa. Kafin mako ya ƙare ya rine ya zama shuɗi fiye da ubansa, ya shiga ramin ya faɗaɗa shi, ya kori 'yan'uwansa zuwa kusurwa, ya kori uwar da ta ɗauke shi a baki. Malam ya miƙa masa abinci a tsinke kamar kullum, ya bar tsinken ya cafki yatsa.

Malam ya ji ciwon abin nan sosai. Ya ce duk tsawon lokacin nan ashe ba haƙuri ba ne, jira yake yi. Ya daina yi masa magana, in zai zuba abinci sai ya zuba ta ɗaya gefen ya juya baya. Da Gwaggo ta zo ta ga haka, ta zauna ta sa shi gaba. Ta ce ya yi haƙuri, yaro ne, kuma a hannunsa ya tashi, in shi bai ja shi a jiki ba wa zai ja shi. Malam na durƙushe yana cewa haka ne, Gwaggo, haka ne. Ta ce to ya tashi ya ba shi abinci tana gani. Ya tashi ya ɗauko tsinke, amma wannan karon ya zaɓi dogo.